Riga Ɗaya, Shafi Ɗaya

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na aski da shagon Goggo mai guga. Bangon ma ba na kirki ba ne, don duk sanda ta dire dutsen guga a kan ƙarfensa ina jin ƙarar daga wurina. Mun daɗe muna maƙwabtaka. Ni surutu ne sana'ata ta biyu, ita kuwa sai ta wuni maganarta ba ta fi cikin cokali ba. Doguwa ce siririya, hannunta na dama ya fi na hagu kauri saboda aiki. Ba goggon kowa ba ce a layin, amma kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Abu ɗaya aka san ta da shi: tun da ta fara guga ba ta taɓa ƙona rigar mutum ba.

Shagon nata ƙuntatacce ne. Teburi a tsakiya da bargo a shimfiɗe, an rufe shi da farin zane. Dutsen guga na lantarki a sama, na gawayi a ƙasa don ranar da aka ɗauke wuta. Robar ruwa da aka huhhuda murfinta da ƙusa, da ita take yayyafi. Igiya daga wannan bango zuwa wancan, kayan mutane a rataye. Sai wani benci da ƙaramin teburi mai tabon dalma a jikin bango, waɗanda ba su da alaƙa da guga ko kaɗan.

Na mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Gyaran rediyo da fanka yake yi, kuma hannunsa da albarka, abin da ya gagari wasu shi ba ya gagararsa. Matsalarsa ɗaya, ƙarasawa. Zai buɗe cikin rediyo, ya tuna da wata fanka, ya kwance ta, wani ya wuce da keke mai ƙara ya fita ya ga abin da ke damun keken. Mutanen layi suka sa masa suna Dawo-Gobe. A lokacin a gida Goggo take gugarta. Wata rana rufin ɗakinsu ya yi yoyo, ta kwaso teburinta ta kawo shagon don kada kayan mutane su jiƙe. A ranar ya rufe rediyo biyu, har masu su suka yi mamaki. Aka gyara rufin, ba ta mayar da teburin gida ba har ya bar duniya. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "In ina aiki a gefensa, hankalinsa yana samun wurin jingina."

A ƙarshen layinmu akwai makarantar koyon aikin lafiya, ɗalibanta suna kawo mata fararen rigunansu. A cikinsu take tsinto irin mijinta. Ta san su: mai kawo riga ya manta da ita sai ranar da zai saka, mai tsayuwa ƙafa na rawa, mai fara magana uku bai ƙarasa ɗaya ba. Sai ta dubi jakarsa ta ce, "Littafi ne a ciki? Zauna, bencin ba kowa."

Abin da take yi ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Da farko za ta miƙa hannu a ba ta waya. Ba ta kulle ta a akwati. A aljihun wata riga take zura ta, ta sa rigar can ƙasan tarin kayan da za ta goge. Sai ta ɗauko ta sama ta shimfiɗa, ta ce, "Kafin in gama wannan, me za ka gama?" In ka ce babi guda, ta girgiza kai. "Riga ce wannan, ba labule ba." Sai ka rage, ka ce shafi ɗaya. In ta rataye rigar ba ta tambayar ko ka gane, don ba ta san abin da ke cikin littafin ba, karatunta bai wuce gane sunan mai kaya ba. "Ina ka tsaya?" kawai take cewa. Ka faɗa da bakinka, ta ɗauko wata rigar. Idan guga ta kai kan rigar da wayar ke ciki, hutu ya yi. Ta zaro maka wayarka, ta haɗa ka da ƙunshin wani ka kai masa gida, don ta ce irin waɗannan ƙafafu in ba a ba su aiki ba za su nemo wa kansu.

Na sha yi mata tsiya ta bayan bango, in ce, "Shugabar makaranta, yaushe za a fara ba da takardar shaida?" Ta ce, "Ranar da ka yi aski ɗaya bakinka a rufe." Ban san abin zai zo har gidanmu ba.

Auta 'yar yayata ce. Kaifin ƙwaƙwalwa ba a magana, kuma babu abin da ke wuce idonta. Za ta gaya maka ka sake agogo, maƙwabciya ta sake labule, direban motar haya yana ɗingishi da ƙafar hagu. Amma a aike ta gishiri, sai ta dawo da labarin kyanwar da ta haihu a bayan kanti, gishirin kuwa sai wani ya koma. Aikin gwajin jini take koyo a makarantar nan, kuma a ɗakin gwaji malamanta suna yabon hannunta. Jarrabawar fita ce ta tsaya mata a wuya. Karon farko ta ƙare lokacinta a kan tambaya ta ɗaya tana ƙawata ta, aka karɓi takarda saura ba ta taɓa su ba. Karo na biyu ba ta buɗe littafi ba sai ana gobe, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar makarantar kuwa a fili take: wanda ya faɗi sau uku ya tattara kayansa.

Yaya ta yi abin da uwa za ta yi. Ta kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin baya, aka yi masa fenti, aka sa teburi da kujera, aka rufe taga, aka hana jikoki ko tari a kusa. Auta ta shiga da littattafai. Da aka leƙa bayan 'yan kwanaki, ta warware kalmasar labulen tas, ta jera littattafan bisa tsawonsu, kuma ba ta wuce shafin da ta fara ba. Yaya ta zo shagona tana hawaye. "Me ban yi wa yarinyar nan ba? Lalaci ne ko so take ta kashe ni?"

Likitar asibitin makaranta ce ta raba gardama. Ta zauna da Auta ta yi mata tambayoyi har kan yarintarta, sannan ta kira Yaya. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, lalura ce da ke hana mutum tsayar da hankalinsa wuri ɗaya, kuma da ita ake tasowa. Ta rubuta magani. Auta ta ce ya rage mata hayaniyar da ke cikin kanta. Amma likitar ta gaya musu gaskiya, magani ba zai buɗe mata littafi ba. Sai dai Auta ta yanka karatun ƙanana-ƙanana, ta kuma samu wanda za ta zauna kusa da shi yana nasa aikin tana nata. Da Yaya ta kawo mini wannan labari sai na yi dariya, na ce likitar nan da Goggo bakinsu ɗaya, a kawo ta shagon Goggo kawai.

"Shagon guga a bakin titi?" in ji Yaya. "Ga babura, ga rediyonka, ga bakinka?"

"Yaya, kin gwada shiru, kin ga abin da ya yi wa labulenki."

Ranar farko ni na raka ta. Goggo ta dube ta sau ɗaya ta miƙa hannu. Auta ta ba da wayar kamar ana cire mata haƙori.

"Kafin in gama wannan, me za ki gama, 'yata?"

"Duk abin da ya shafi ƙwayoyin jini, Goggo."

"Rigar yaro ce a hannuna."

Auta ta yi dariya, ta ce to, rabin shafi. Na koma shagona na rage rediyo. Ta bayan bango ina jin dire dutse, sai shiru, sai "Ina kika tsaya?", sai muryar Auta tana faɗin wasu sunaye da ko ni ko Goggo ba mu san kansu ba.

Kada wani ya ɗauka daga ranar komai ya miƙe. Wata rana ta zo ba littafin. Wata rana aka aike ta da ƙunshi ta tsaya kallon masu haƙa rijiya har rana ta karkata. Akwai ranakun da ba ta zo ba sam. Ni nakan hau sama, in shirya mata faɗa mai kyau. Goggo kuwa in ta gan ta sai ta ce, "Kin zo? Zauna." Na ce mata wannan sakaci ne, yarinya ta ɓace ba a tambaye ta ina ta je ba. Ta ce, "Maƙwabci, irinsu faɗan da aka yi musu tun suna yara ya ishe su har tsufa. Da faɗa magani ne, da mijina ya fi kowa lafiya." Na ja bakina na yi shiru, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

A hankali shafukan suka fara taruwa. Auta ta koyi auna kanta da kaya: wando shafi ɗaya, babbar riga shafi biyu, zanen gado kuwa sai ta rufe littafi ta maimaita abin da ta karanta da ka. Yaya ta daina kuka ta koma addu'a.

Saura 'yan makonni jarrabawa sai aka buɗe sabon gidan wanki na inji a mararraba, da fitilu da gilashi, ana ba ka kayanka a cikin leda. Mutane da son sabon abu. Layinmu ya kwashi kaya ya nufi can, har da ɗaliban. Ban lura da abin da wannan ya yi wa Goggo ba, don ta bayan bango ƙarar dutsen ba ta ragu ba. Abin da na lura da shi kawai, fararen rigunana na aiki da na ba ta sun ƙi dawowa. Matar da ba ta kwana da kayan mutum.

Wata la'asar na shiga in yi ƙorafi, lokacin Auta ta fita da ƙunshi. Na tarar da Goggo ta sauko da rigata daga igiya, a goge sumul. Ta cukuikuye ta da hannu biyu, ta yayyafa mata ruwa, ta cusa ta ƙarƙashin tarin kayan. Na dubi tarin da kyau. Rigunana ne, da zannuwanta, da wasu tsofaffin rigunan marigayi.

"Goggo, mene ne haka?"

"Aiki ya yi ƙasa. In hannuna ya tsaya, nata ma tsayawa yake."

"To ki zauna kawai ki sa mata ido mana. Ga asarar wuta, ga asarar gawayi, ga bayanki."

"Sa ido shi ne abin da ke daskarar da ita. Uwarta ta sa mata, malamai sun sa mata. Ni ba kallonta nake ba, aikina nake, shi ya sa take iya nata." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma ka riƙe bakinka, in zai riƙu."

Ya riƙu, Allah shaida. Amma mun manta da wadda muke ɓoye wa. Yarinyar da ke ganin ɗingishin direba ba za ta kasa gane rigar kawunta mai guntun maɓalli ba, tana wucewa ta kan teburi yau, ta sake wucewa gobe. Ina cikin yi wa wani aski na ji muryar Auta ta bayan bango, ba ta ɗaga ta ba.

"Goggo, wannan rigar kin goge ta jiya. Da shekaranjiya."

Na ji Goggo ta dire dutsen.

"Ashe ni ce aikin. Ni ce kayan da ake ta gogewa sun ƙi miƙewa."

Ta zaro wayarta da kanta daga ƙasan tarin, ta ɗauki jaka ta fita. Washegari ba ta zo ba, ranar da ta biyo ma haka. Yaya ta ce ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, ba ta ɗaukar waya. Jarrabawa kuwa tana matsowa. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin su biyun. Na ce wa Goggo ta sa mayafi mu je mu lallaso ta. Ta ce a'a. Ta ce an yi mata ƙarya ta kama, tana da gaskiyar yin fushi, kuma in aka je aka jawo ta, zaman ya zama na dole, zaman dole kuwa tana da ɗaki guda nasa a gidansu. Sai ta kashe wutar dutsen, ta zauna a kan bencin, hannuwanta a cinya. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba aiki ba sai a ranakun.

Ana saura kwanaki kaɗan, da hantsi, na ga keken ɗaukar kaya ya tsaya a ƙofar shagon, an yi masa lodi ya fi ƙarfinsa. Auta na biye da shi da wani ƙunshin a ka, gumi ya jiƙa mata fuska. Ashe ɗaki-ɗaki ta bi a ɗakunan ɗalibai. Ta gaya musu inji ba ya kwantar da kwala, ta nuna musu tata, ta yi ta zuba har suka ba ta kayan don ta ƙyale su. Wannan bakin gadon dangin uwa ne, ba zan musa ba. Ta sauke ƙunshin a gaban teburi.

"Ga aiki na gaskiya, Goggo. Kada ki sake cukuikuye rigar Kawu."

Goggo ta kwance ƙunshin ta duba. "Wa ya haɗa fari da mai zuba wuri ɗaya?"

"Ni ce."

"Na sani. Zauna."

Auta ta zura wayarta a aljihun wani wando, ta tura shi ƙasan tarin da hannunta. Babu wadda ta ba wata haƙuri. Na koma shagona, aka ci gaba da dire dutse.

Ranar jarrabawa da safe ta biyo karɓar farar rigarta, bayan ta wuce shagon ta dawo, don ta manta abin da ya fito da ita da wuri. Goggo ta miƙa mata rigar a ninke, ta ce, "A can ba ni, amma tsarin bai sake ba. Tambaya ɗaya riga ɗaya ce. In kwala ta ƙi kwanciya ba a kwana a kanta, a wuce hannu, a wuce baya, in lokaci ya rage a dawo mata." Auta ta ce to. Ta tafi ta bar birona a kan bencin, wanda ta ara daga gare ni don jarrabawar, sai da na bi ta da shi har bakin makaranta da tawul a kafaɗa.

Sakamako ya ɗauki lokaci. A tsakani Auta ba ta daina zuwa ba, takan kawo kayan ɗalibai ta kwashi na jiya. Ranar da ya fito ina tsaye a ƙofar Goggo ina jiran rigata, tana kan teburi an goge rabinta. Sai ga Auta ta shigo da takarda a hannu, tana haki, ta miƙa wa Goggo. Goggo ba ta iya karanta abin da ke jiki ba, kuma ba ta gwada ba. Ta yi tambayar da ta saba.

"Ina kika tsaya?"

"Na gama, Goggo."

Ba da yawa ta haye ba, a takarda ɗaya ma da ƙyar, amma ta haye. Goggo ba ta yi guɗa ba, ba ta rungume ta ba. Ta juya ta dubi bencin da teburin mai tabon dalma, ta daɗe tana kallonsu.

"Mijina tun yana ƙaramin aji malamai suka maido shi gida," in ji ta. "Suka ce ba ya ji. Da ya samu wanda zai zauna a gefensa tun lokacin."

Auta ce ta fara jin ƙaurin, ita da ba abin da ke wuce ta. Goggo ta ɗaga dutsen da sauri, amma ya riga ya yi aikinsa. Ga shatinsa nan baƙi-baƙi a bayan rigata, har da tsininsa. Ta tsaya tana kallon wurin kamar ba ta san hannun da ya yi ba. Ta ce in bar mata, za ta saya mini wata. Na ce ba ta isa ba, na fizge rigata na saka da zafinta.

Har yau da ita nake aski. In mai aski ya juya baya, wanda ke kan kujera yana ganin komai a madubi, don haka kusan kullum sai wani ya tambaye ni wane mai gugar ne ya yi mini wannan ɓarna, in gaya masa don ya kiyaye kayansa. Nakan ce Goggo ce ta nan kusa, kuma ita kaɗai ce rigar da ta taɓa ƙonawa.